Zaurukan Hira da Matsayinsu a Sadarwar Masu Gina Buɗaɗɗiyar Manhaja

Gabatarwa

A ranar 19 ga watan Mayu na shekarar 2021, wasu daga cikin ƴan sa-kai da ke kula da Freenode, wadda ta daɗe tana zama babbar matattarar hira ta masu gina buɗaɗɗiyar manhaja a duniya, suka ajiye aiki suka buɗe wata sabuwa mai suna Libera Chat. Cikin ƴan makonni, manyan ayyuka irin su Ubuntu da Wikimedia da Gentoo da Arch Linux suka kwashe nasu ya nasu suka bi su. Babu abin da ya sami manhajojin da waɗannan ƙungiyoyi ke ginawa. Suna nan yadda suke. Wurin da mutanensu ke magana da juna ne kawai ya girgiza, amma hakan ya isa ya hana dubban mutane sukuni na tsawon kwanaki, suna neman inda abokan aikinsu suka koma.

Wannan lamari ya cancanci hankalin ɗalibin kimiyyar harshe. Aikin buɗaɗɗiyar manhaja al'umma ce da yawancin mutanenta ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, kuma kusan duk abin da ya haɗa su harshe ne a rubuce. Zauren hira kuwa shi ne inda wannan rubutu ya fi kama da maganar baka. Maƙalar za ta bayyana asalin waɗannan zauruka, da siffofin harshen da ake yi a cikinsu, da aikin da suke yi wa al'ummominsu, da kuma inda suke gazawa.

Buɗaɗɗiyar manhaja da buƙatarta ga magana

Kowace manhaja tana da tushe, wato rubutaccen jerin umarnin da kwamfuta ke bi. Kamfanoni da yawa sukan ɓoye wannan tushe. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bai wa kowa izinin karanta tushenta, ya gyara, ya kuma rarraba gyaran. Richard Stallman ne ya kafa aikin GNU a 1983 bisa aƙidar ƴancin mai amfani da manhaja, abin da masu Faransanci suka sani da logiciel libre. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki, ya fitar da Linux. A 1998 kuma aka ƙirƙiro laƙabin buɗaɗɗen tushe domin a jawo hankalin ƴan kasuwa.

Ma'aikatan kamfani suna da ofis, da shugaba mai ba da umarni, da lokacin zuwa da na tashi. Masu gina Debian ko KDE ba su da ko ɗaya daga ciki. Wani yana Jamus, wani Barazil, wani Indiya. Wani albashi ake biyansa, wani bayan ya taso daga aikinsa na yini yake ba da sa'a ɗaya. Tun da ba mai iya tilasta wa wani, sai an shawo kan mutum da hujja kafin ya yi aiki. Saboda haka irin waɗannan ayyuka sukan tanadi hanyoyin magana daban-daban, kowace da aikinta. Akwai wasiƙun imel da ake aika wa jama'a gaba ɗaya don doguwar muhawara. Akwai rajistar kurakurai, inda kowace matsala ke da lambarta da tarihinta. Akwai littafin jagora. Sannan akwai zauren hira, inda ake rubuta gajeren saƙo a sami amsa nan take idan an yi sa'a.

Asalin zauren

Jarkko Oikarinen ne ya ƙirƙiro tsarin IRC a watan Agusta na 1988 a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finlan. An wallafa ƙa'idojinsa a 1993 cikin takardar da aka sani da RFC 1459. Tsarin mai sauƙi ne: mutum ya zaɓi laƙabi, ya haɗu da uwar garke, ya shiga zaure. Sunan zaure yana farawa da alamar #, kamar #debian ko #ubuntu. Duk abin da mutum ya rubuta, kowa da ke cikin zauren a wannan lokaci zai gani.

Abubuwa biyu a ginin IRC sun yi tasiri a kan harshen masu amfani da shi. Na farko, layi ɗaya ba ya wuce haruffa 512, har da bayanan da na'ura ke liƙawa, don haka dogon bayani sai an daddatsa shi. Na biyu, IRC na asali ba ya ajiye abin da aka faɗa. Wanda ba ya nan lokacin da aka yi magana, ta wuce shi, kamar dai wanda ya iso zaure bayan an watse. Masu son kada komai ya wuce su sukan bar wata ƴar manhaja a kunne dare da rana tana riƙe musu wuri tana tara musu saƙonni.

Freenode ta samo asali ne daga wani ƙaramin zauren taimaka wa masu amfani da Linux a tsakiyar shekarun 1990, ƙarƙashin jagorancin Rob Levin, kuma ta ɗauki wannan suna a 2002. Akwai kuma OFTC, wadda aka kafa a 2001, inda Debian ta mayar da zaurukanta a 2006. Daga baya sababbin kafofi suka shigo: Slack a 2013, Gitter da Matrix a 2014, Discord a 2015. Zulip, wanda aka buɗe tushensa a 2015, ya zo da wata dabara ta wajabta wa kowane saƙo ya kasance ƙarƙashin wani take. Waɗannan duka suna ajiye tarihin hira, suna aiki a wayar hannu, suna karɓar hoto.

Tsakanin baki da alƙalami

A 1985 masana harshe biyu na Jamus, Peter Koch da Wulf Oesterreicher, suka nuna cewa tambayar ko abu magana ne ko rubutu tana da fuska biyu. Akwai kafar da saƙo ya bi, ko sauti ko harafi. Akwai kuma yanayin da aka tsara shi, ko na kusanci ko na nisa. Laccar da malami ya rubuta ya karanta ta bi ta sauti, amma harshenta na nisa ne. Hirar zaure kishiyar haka ce: ta bi ta harafi, amma harshenta na kusanci ne, cike da gutsattsarin jimloli da gyaran kai da barkwanci.

Matsala ta farko da wannan gauraye ke haifarwa ta shafi karɓa-karɓar magana. Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson sun bayyana a 1974 yadda masu hira ido da ido ke miƙa wa juna damar magana ba tare da dogon shiru ko yawan cin karo ba, domin kowa yana jin furucin ɗan'uwansa tun yana kan ginuwa, yana hasashen inda zai ƙare. A zaure ba a ganin saƙo sai an gama rubuta shi an aika, kuma na'ura tana jera saƙonni ne bisa lokacin isowarsu, ba ruwanta da wanda ke amsa wa wane. Susan Herring ta yi nazarin wannan a 1999, ta nuna yadda tagwayen furuci, irin su tambaya da amsarta, ke rabuwa da juna saboda saƙonnin wasu sun shiga tsakani. Ga misalin da aka ƙaga don bayani:

A: na sabunta manhajar, yanzu sauti ya ɗauke
B: wa ke da ikon duba gyaran da na aiko jiya?
C: A: wane siga kake amfani da shi?
D: B: zan duba da yamma
A: na ƙarshe
B: madalla

Hira biyu ce a nan ta sarƙe kamar igiya. Abin da ya hana ta rikicewa shi ne ɗabi'ar fara saƙo da laƙabin wanda ake nufi, wadda Christopher Werry ya bayyana a nazarinsa na harshen IRC a 1996. A hirar baka, kallo da juya fuska ne ke nuna wanda ake yi wa magana. A zaure, laƙabi ya gaji aikin ido. Manhajar kuma tana taimakawa, domin takan haska layin ko ta yi ƙara idan an ambaci laƙabin mutum.

Akwai wasu dabarun da suka tsiro daga sana'ar mutanen kanta. Wanda ya yi kuskuren rubutu yakan aiko da layi mai siffar s/kuskure/daidai/, wanda umarni ne na musanya kalma a tsohuwar manhajar sed. Mutane suka are shi ya zama hanyar gyaran furuci. Umarnin /me kuma yana bai wa mutum damar ba da labarin kansa kamar wani ne daban, ta yadda zaure zai ga an rubuta cewa wane ya tafi shan shayi. Da haka ake mayar da motsin jiki, wanda rubutu ya haɗiye, cikin hira. Kalmar ping, sunan wata manhajar gwada ko wata na'ura tana amsawa, ta koma sallamar neman ko mutum yana kusa, amsarta kuma pong. Har lokaci ma sai da aka yi masa dabara: tun da safiyar wani daren wani ce, wasu zauruka sun yi yarjejeniyar raha cewa duk wanda ya shigo safiya ce gare shi, duk wanda zai fita kuma dare ne, don kada gaisuwa ta zama gardamar agogo.

Aikin da zaure ke yi

Aiki na farko shi ne taimakon gaggawa. Mai matsala sau da yawa bai san sunan matsalarsa ba, balle ya rubuta cikakken rahoto. A zaure, gwani yana iya yi masa tambayoyi biyar cikin minti uku, kowace ta dogara da amsar da ta gabace ta, har a gano bakin zaren. Da ta wasiƙa ce, wannan kai-da-kawo zai iya cin mako guda.

Na biyu shi ne daidaita aiki a lokacin da jinkiri ke da tsada, kamar ranar fitar da sabon siga ko sa'ar da uwar garke ta faɗi. A irin wannan lokaci mutane ke buƙatar sanin wa ke riƙe da me a yanzu, don kada biyu su yi aiki ɗaya ko kowa ya zaci ɗan'uwansa ya yi. Zauruka da yawa suna da butun-butumi, wato ƴar manhaja mai laƙabi kamar na mutum, da ke shelar duk gyaran da aka shigar ko gwajin da ya gaza. A zauren Ubuntu akwai wanda ake kira ubottu, mai riƙe da amsoshin tambayoyin da aka saba yi. A rubuta kalma da alamar motsin rai a gabanta, sai ya kawo bayanin.

Na uku shi ne taro. Debian da Fedora da wasu ayyuka sun daɗe suna gudanar da tarurrukansu a zaure da taimakon manhajar MeetBot, wadda ke fitar da taƙaitaccen rahoto da zarar an tashi. Shugaban taro yakan buɗe da #startmeeting, ya sauya batu da #topic, a ɗora wa wani aiki da #action, a rufe da #endmeeting. Wanda ya karanta ra'ayin J. L. Austin na 1962 game da furucin da faɗarsa ita ce aikata shi, kamar ɗaurin aure ko raɗin suna, zai gane abin da ke faruwa a nan. Rubuta #agreed shi ne mayar da magana matsaya a cikin rahoto. Kuma kamar yadda Austin ya ce irin wannan furuci yana da sharuɗɗan inganci, manhajar ba ta karɓar #agreed sai daga shugaban taro. In wani ya rubuta, layi ne kawai kamar sauran.

Na huɗu, wanda aka fi raina shi, shi ne zumunci. Hirar abinci da yanayin gari da wasan ƙwallo, irin maganar da Bronislaw Malinowski ya bayyana tun 1923 a matsayin wadda amfaninta ƙulla dangantaka ne, ita ke sa mutum ya ga abokin aikinsa a matsayin mutum. Ranar da saɓani ya taso kan wani gyara, wanda aka taɓa yin dariya da shi ya fi samun uzuri. Baƙo kuma yana koyon sana'a ta hanyar zama shiru yana karanta yadda manya ke warware matsala, kafin ya fara amsa ƙananan tambayoyi da kansa. Jean Lave da Etienne Wenger sun kira irin wannan koyo, a 1991, shiga al'ummar sana'a daga gefe zuwa tsakiya. Duk wanda ya ga yaron maƙeri yana zuga yana kallo ya san shi.

Ladabin zaure

Kowace al'ummar magana tana da abin da take ɗauka ladabi, kuma na zaurukan fasaha yakan ba baƙo mamaki. Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ita ce kada mutum ya nemi izinin yin tambaya, ya yi tambayar kai tsaye. Ba a son a rubuta gaisuwa kaɗai a zauna jiran amsa. Ba a son a liƙa dogon rubutun na'ura a zaure. Akwai shafukan da ake ajiye shi a kawo adireshinsa. Ba a son a bi mutum ta saƙon sirri ba da yardarsa ba, domin amsar da aka bayar a fili tana amfanar duk masu karatu.

Ga wanda ya tashi cikin al'adar Hausa, inda shiga buƙata ba tare da sallama da tambayar kwana da gajiya da iyali ba alama ce ta rashin tarbiyya, wannan yakan zo kamar wulaƙanci. Ya yi sallama, zaure mai mutum ɗari biyar ya yi tsit, ko butun-butumi ya jefo masa umarnin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ra'ayin Penelope Brown da Stephen Levinson na 1987 yana taimakawa wajen fahimtar abin. Sun raba ladabi gida biyu: akwai na nuna wa mutum ana sonsa ana tare da shi, akwai kuma na kauce wa ɗora masa nauyi. Gaisuwar Hausa ta fi karkata ga na farko. Ƙa'idar zaure ta ginu a kan na biyu: mutanen da ke ciki suna tsakiyar wani aiki, suna leƙowa jefi-jefi, kuma wanda ya amsa gaisuwa ya ɗaure kansa ga tambayar da bai san ko zai iya amsawa ba. Girmamawa a wurinsu ita ce a tanadar musu cikakkiyar tambaya, ta yadda duk wanda ya leƙo bayan sa'a biyu zai iya amsawa. Mafita mai sauƙi ita ce a haɗa gaisuwa da tambaya cikin saƙo ɗaya, a faɗi abin da aka yi, da abin da aka zata, da abin da ya faru, sannan a yi haƙuri.

Wannan ba ya wanke zaurukan daga laifi. An sha kukan cewa wasu tsofaffin hannu suna fakewa da ƙa'ida su yi wa baƙi tsawa, kuma mata da masu raunin Ingilishi ne suka fi ɗanɗana hakan. Lokacin da Mozilla ta rufe uwar garkenta ta IRC a watan Maris na 2020 ta koma Matrix, cikin dalilan da ta bayar akwai wahalar da sababbin shiga ke sha da tsohon tsarin, da kuma wahalar kare mahalarta daga cin zarafi. Batun harshe ma yana nan: manyan zauruka da Ingilishi suke, sai dai a ware wa sauran harsuna nasu, kamar #ubuntu-fr da #debian-fr na masu Faransanci. Wanda ke iya rubuta Ingilishi a tsanake cikin wasiƙa ba lalle ne ya iya tsere da ƴan harshen a hirar da ke gudu ba.

Abin da zaure ba ya iya riƙewa

Saurin da ya sa zaure ke da amfani shi ne kuma rauninsa. Shawarar da mutum huɗu suka yanke da ƙarfe tara na dare a Turai ta wuce wanda ke barci a Tokyo, da wanda ke aji, da wanda kuɗin intanet ɗinsa ya ƙare. Idan aka bar zaure ya zama wurin yanke hukunci, mulkin aiki yakan koma hannun masu yawan lokaci da kyakkyawan layin sadarwa, ba tare da kowa ya zaɓe su ba. Gidauniyar Apache ta yi maganin wannan da ƙa'ida bayyananna: ana iya tattaunawa a ko'ina, amma matsaya ba ta zama matsaya sai an kawo ta ga wasiƙun jama'a, kuma akan bar ƙuri'a a buɗe na aƙalla sa'o'i 72 don kowane yanki na duniya ya samu damar magana. Masu gina ƙwayar Linux ma har yau ta imel suke aikawa da gyare-gyare suna muhawara a kansu.

Rauni na biyu shi ne mantuwa. Amsa mai kyau da aka bayar a zaure takan nutse ƙarƙashin dubban layuka, gobe wani ya sake yin tambayar, a sake amsawa. A Slack na kyauta, da can saƙonni 10,000 na ƙarshe kawai ake iya gani. Daga watan Satumba na 2022 aka mayar da iyakar kwana 90. Abin da aka tattauna a Slack ko Discord kuma injin bincike na intanet ba ya ganinsa, sai mai rajista. Aikin da ya zuba iliminsa duka a irin wannan wuri yana iya wayar gari ba wanda ya san dalilin da ya sa aka gina wani sashe yadda aka gina shi. Wannan ne ya sa al'ummomi irin na harshen kwamfuta Rust da na masu lissafi da Lean suka rungumi Zulip, inda take ke raba zaren hira tun daga farko, a iya komawa gare shi bayan shekara. Ayyukan da suka ƙware sukan kuma ɗora wa wanda ya sami amsa nauyin mayar da ita cikin littafin jagora ko rajistar kurakurai.

Zauren wa?

Rikicin Freenode ya taso ne kan mallaka. Ƴan sa-kan da suka fice sun ce ikon tafiyar da hanyar sadarwar ya koma hannun ɗan kasuwa Andrew Lee, wanda ya mallaki kamfanin da ke riƙe da sunanta. Shi kuma ya musanta cewa ƙwace ya yi. Ko ma dai yaya ne, kafin ƙarshen watan Mayu sababbin masu kula da Freenode suka karɓe ɗaruruwan zaurukan da suka sanya sanarwar komawa Libera Chat, a watan Yuni kuma aka soma sabon tsari ba tare da tsohuwar rajistar laƙabobi da zauruka ba. Laƙabin da mutum ya yi shekara goma sha biyar ana saninsa da shi ya zama na duk wanda ya riga yin rajista.

Abin da ya sauƙaƙa ƙaurar shi ne IRC buɗaɗɗiyar ƙa'ida ce, kowa na iya kafa uwar garkensa, kuma manhajar da mutum ke amfani da ita ba ta sauya ba, adireshi kawai aka canza. Kafofin kamfani ba haka suke ba. A 2018 Slack ya rufe ƙofar da ke bai wa masu IRC damar shiga, a 2021 kuma kamfanin Salesforce ya kammala sayensa kan kusan dala biliyan 27.7. Masu sukar amfani da irin waɗannan kafofi suna cewa bai dace aikin da ke wa'azin ƴanci ya tilasta wa mahalartansa rufaffiyar manhaja ba. Masu kare su kuma suna cewa a can matasa suke, kuma zauren da ba kowa a ciki ba ya amfanar kowa. Wasu ayyukan sun bi hanyar gida biyu maganin gobara, suka gina gada tsakanin IRC da Matrix don saƙo ya riƙa bayyana a duka biyun.

Hira a matsayin taskar bincike

Ga mai nazarin harshe, waɗannan zauruka ma'adini ne. Ubuntu tana wallafa kundin hirar zaurukanta tun 2004. Daga wannan kundi ne Ryan Lowe da abokan aikinsa na Jami'ar McGill da ke Kanada suka fitar, a 2015, da taskar matani mai kusan tattaunawa miliyan ɗaya da kalmomi kimanin miliyan 100, wadda aka yi amfani da ita wajen koya wa na'ura amsa tambaya. Matsalar sarƙewar hira da Herring ta bayyana ta zama fagen bincike mai zaman kansa: Micha Elsner da Eugene Charniak sun gwada warware ta da na'ura a 2008, a 2019 kuma Jonathan Kummerfeld da tawagarsa suka bi saƙonni 77,563 da hannu suna nuna wanne ke amsa wanne.

Sai dai akwai tambayar amana. Mai rubutu a zaure yana ji kamar magana yake yi, wadda iska za ta kwashe, alhali kundi yana ajiye ta da laƙabinsa da sa'ar da ya faɗe ta. Magana zarar bunu ce ko da ta baka ce, balle wadda aka adana. Shi ya sa ƙa'idar Libera Chat ta buƙaci zauren da ke wallafa hirarsa ya sanar da masu shiga. Ɗalibin da zai ɗebo misalai daga irin wannan wuri, wajibi ne ya tabbatar kundin na fili ne, ya kuma ɓoye laƙabobi a rubutunsa.

Kammalawa

Batun ya shafi masu Hausa ta hanya ta zahiri. Ayyukan da ke tara muryoyi da matani na harsunan Afirka buɗaɗɗu ne, kuma a zaure ake tafiyar da yawancinsu. Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana da sashen Hausa. Ƙungiyar Masakhane, mai aikin fassarar na'ura da sarrafa harsunan Afirka, ta kasance tana haɗuwa a Slack. A irin waɗannan wurare ne tambayoyin da suka shafi ƙa'idar rubutu ke tasowa: ko a rubuta ƴ kamar yadda ake yi a Nijar ko 'y kamar a Nijeriya, ko a karɓi jimlar da aka rubuta ba ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ, ko karin harshen Damagaram da na Adar suna da gurbi kusa da na Kano. Wanda ke zauren lokacin da aka tayar da tambaya shi ake ji, kuma masanin harshe daga Yamai ko Maraɗi ko Tawa yana da abin faɗa da injiniya ba shi da shi.

Ƙungiyoyin ɗalibai da ke fara irin wannan aiki a nan gida sukan taru a WhatsApp, don shi ne a hannun kowa. Yana biyan buƙatar gaggawa da zumunci, amma rufaffen wuri ne, yana bayyana lambar wayar mahalarta, saƙon murya ba ya bincikuwa, kuma sabon shiga ba ya samun tarihin muhawarar da aka yi watanni kafin zuwansa. Idan ƙungiya ta amince a can cewa ga kalmar da za ta fassara wani lafazin fasaha, ya kamata a ranar wani ya rubuta kalmar, da dalilin zaɓenta, da waɗanda aka ƙi, a wurin da wanda zai zo baɗi zai iya samu.